Gaton da Ba Shi Kwana

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi ƙasar Kurfai ya san abin da hakan ke nufi. Uwar da ta haife ni ba ta faɗin sunana, ba ta cin abinci kwano ɗaya da ni, ba ta dubana ido cikin ido. In tana son in ɗebo ruwa sai ta kalli tulu ta ce, "A gaya ma waccan babu ruwa gidan nan." Ni ce waccan. Tun da anka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, ɗakinta na girma, ita nike ce ma Inna. Uwata kuwa Yaya nike ce mata, yadda na ji ƙannen babana na faɗi. Kunyar ɗan fari ke nan, kowa na yaba mata, ana cewa wance akwai kunya. To, ni dai yabon nan bai taɓa yi mini daɗi ba. In na gan ta tana goya ƙannena, tana cire musu ƙaya a ƙafa tana lallashi, sai in zagaya bayan rumbu in cika fam.

An haife ni shekarar da ƙasarmu ta samu mulkin kai. Inna ba ta manta wannan shekara, amma ba don ni ba, don gato. Lokacin bikin an tara mata a Filinge su yi daka da girki gidan kumandan mai mulkin yankin, ita ma tana ciki. Da manyan baƙi sunka watse, kukun gidan ya fito da ragowar wani abu fari mai laushi ya gutsuttsura musu. Rabon Inna bai wuce yatsa biyu ba, amma ta shekara goma sha uku tana ba da labarinsa.

"Ba a tauna shi, ɗiyata," haka take ce mini. "Kina sa shi baki shi ɓace, shi bar miki daɗin."

Mu kuwa jikoki mu yi ta tsokanarta, don duk shekara gaton ƙara girma yake. Da farko yatsa biyu ne, kafin in gama lakwal, wato firamare, ya kai tafin hannu.

Shekarar da na gama lakwal ɗin ita ce ta babban fari. Munka shuka gero sau uku, sau uku yana ƙonewa tun bai kai gwiwa ba. Rumbunanmu sunka zama wurin ɓuyar kaji, daga baya kajin ma babu. Babana ya bi maza sunka tafi Kurmi neman abin aikowa. Mata na fita daji tun safe su tsinko anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, sannan a ci. In an yi sa'a a samu jar dawar taimako, mai tuwo kamar bulo. Inna da ba ta da haƙora sai ta juya ta cikin baki ta tofar.

Cikin wannan hali sunana ya fito cikin waɗanda za su kolej a Yamai. Ina da gwaggo can, ƙanwar babana, anka ce gidanta zan zauna. Na yi murna ta kwana biyu. Rana ta uku ina tsugune bayan darni ina wankin kwanoni, na ji maƙwabciyarmu tana tambayar Yaya ko ba ta jin tsoron sakin yarinya mace har birni. Yaya ta ce, "Gara ta tahi. Baki ɗaya ya ragu."

Wallahi har yau ina iya nuna wurin da nike tsugune. Ban yi kuka ba, zuciyata ce ta bushe. Na ce a raina, ashe ba kunya ba ce, ƙi ne, kunyar ce kawai ta samu inda za ta laɓe. Nan take na rantse in na sa ƙafa Yamai ba ni komowa garin nan, ko hutu, ko salla. Kuma ni in na ƙudura abu, duk gidanmu an san ba ni saki.

Babu namijin da zai kai ni, dole Yaya ta ɗauki rakiyar. Da munka je sallama, Inna ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta juya wajen surukarta.

"In kun isa, ku nemo mini gato," ta ce. "In ƙara ɗanɗana shi sau ɗaya kahin in tahi."

Yaya ta ce, "To, Inna." Ta shiga ɗaki ta ɗauko wata 'yar samira mai murfi ta ƙulle cikin kayanta, ta naɗe tabarmin kaba da ta saƙa da rani ta ɗora bisa kai.

Munka hau kamiyo, babbar motar kaya, a Filinge, bisa buhunan kanwa. Yini guda muna tafe, ba ta ce mini uffan ba. Ta juya mini baya tana kallon hanya, ni ma na juya mata nawa. Gefen hanya mushen shanu ne nan da can, wasu sun bushe har ungulu ta ƙyale su. A Baleyara anka tsaya, ranar kasuwa ce. Makiyaya na tsaye gefen shanunsu da haƙarƙari a waje, ba mai tayawa. Yaya ta shiga cikin mata ta sayar da tabarminta, ta komo da ƙwaryar fura. Ba ta miƙo mini ba. Ta aje ta bisa buhu tsakaninmu ta ce ma iska, "A sha." Na sha ina harararta ta gefen ƙwarya.

Munka isa Yamai da la'asar sakaliya. Gwaggo ta rungume ni tana kiran sunana har sau uku, abin ya yi mini banbaraƙwai. Washegari da hantsi ta kwatanta mana inda ake sayar da gato, can cikin gari kusa da babbar kasuwa, ta ce mu nemi kanti mai ƙofar gilas. Ita ba ta iya barin teburin da take sayar da kopto, kwaɗon ganye, don haka mu biyu munka kama hanya a ƙafa, Yaya gaba ni baya. Mun fi awa muna tafiya cikin rana.

Tun kafin mu ga kantin ƙamshi ya tare mu, ƙamshin man shanu da sukari da wani abu da ban san sunansa ba. Ga wanda ya wata uku yana cin anza, wannan ƙamshi zalunci ne. Yaya ta tsaya bakin ƙofa, ta leƙa ta ga daɓen ciki yana ƙyalli, sai ta tuɓe takalmanta ta jera su waje. Kai! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni fa 'yar lakwal ce mai satifika, ga uwata ta shiga kantin Nasara ba takalmi kamar mai shiga masallaci. Na shige da nawa ina buga su da gangan.

Ciki sanyi ne kamar gindin randa. Wani dogon akwatin gilas ya raba ɗakin biyu, an jera abubuwa sahu sahu, fari da ruwan ƙasa da rawaya, kowanne zaune bisa 'yar takardarsa. Mai kantin yana can ciki, muryarsa kawai muke ji. Mai sayarwa wata Bazabarma ce, sa'ar Yaya, kakkaura, ta ɗaura farin ƙyalle bisa zanenta. Ta dubi ƙafafun Yaya, ta dubi samirar da ke hannunta, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Fofo." Yaya ta amsa mata da Zabarmanci tsaf, don uwarta mutuniyar Damana ce, da shi ta tashi.

Ni kuwa na ja gefe na yi fuskar wadda ba ta ji. Ina ji sarai. Shekara uku ina benci ɗaya da ɗiyar wani Bazabarme gardi, wato dogarin gwamnati, bakina ya kama har zagi na iya. Amma ban taɓa yin sa gida ba. Tun da Yaya ba ta taɓa tambayata abin da nike koyo ba, na ce ni ma ba ni faɗi.

Yaya ta yi bayanin tsohuwa marar haƙora da gaton mulkin kai. Matar ta ce gato ai iri iri ne, wanne ke nan? Yaya ta ce fari, mai laushi, wanda ke ɓacewa cikin baki. Matar ta yi murmushi, ta jawo wani faranti daga ƙasan tebur, na waɗanda sunka karye wajen jerawa, ta ce mu ɗanɗana har mu gane shi.

Sai an san Yaya sannan a gane abin da ya biyo baya. Duk yankinmu in za a kai amarya, ita ake kira ta yi alkaki da nakiya. Hannunta ne ke auna zuma, ba ludayi ba. Saboda haka ba ɗanɗanon 'yar ƙauye ta yi ba, na mai sana'a ta yi. Ta fara da wani mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, ta ɓare shi, ta ga ɓawo bisa ɓawo, ta tauna a hankali. Ta ce, "Wanga iska ce anka naɗe da mai. Amma wanda ya naɗe ta gwani ne." Ta ɗauki wani dogo mai baƙin abu bisa, ta sansana, ta ce ya ƙone. Matar ta ce ba ƙuna ba ce, shokola ne. Yaya ta lasa, ta ɓata fuska, ta sake lasa, ta ce ɗacinsa na mutunci ne, ba irin na anza ba. Duk wanda ta gutsura, sai ta tura farantin gefena da bayan hannu ba tare da ta dube ni ba, in ɗauki sauran.

Akwai wani fari fat mai tsini, busasshe, ba nauyi. Yaya ta zaci mai tauri ne kamar alewa, ta sa masa haƙori da ƙarfi. Abin ya fashe, gari ya watsu bisa haɓarta da zanenta har gira. Ta tsaya baki buɗe, sai ta tuntsire da dariya, matar ma ta kama ciki. Ranar na fara ganin dasorin uwata. Ashe tana da wushirya ta ƙasa irin tawa, ban taɓa sani ba. Na so in yi dariya, sai na tuna ina fushi, na haɗiye ta.

Daga ƙarshe matar ta yanko ɗan wani daga cikin firigo, akwatin sanyi, mai hawa uku, tsakaninsu farin abu kamar kindirmo mai kauri. Yaya ta sa baki ta rufe ido. Ta daɗe. Da ta buɗe ta ce, "Shi ne. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba." Ni ma na ɗanɗana. Sanyi ya fara bugun haƙorana, sannan zaƙi, sannan babu komai, sai daɗi ya tsaya a maƙogwaro. Na ce a raina, Inna, ki yafe mana tsokanar da munka yi miki.

Yaya ta kwance bakin zanenta ta biya, ta buɗe samira ta ce a sa mata babban yanki ciki. Matar ta sa. Yaya ta rufe, ta fara ɗaure samirar da tsumma, ƙulli bisa ƙulli. Nan matar ta tambaya, wace unguwa tsohuwar take? Yaya ta ce ba unguwa ba ce, gaba da Filinge ne, kuma sai jibi kamiyo zai tashi.

Matar ta tafa hannu ta yi salati. "Jibi? 'Yar'uwa, wannan ko azahar ba shi kaiwa cikin ranar nan! Madara ce da ƙwai. In ya kwana kika ba tsohuwa, kin kashe ta."

Yaya ta tsuke fuska. Ta ce ita alkakinta yana wata uku cikin kwalla ba abin da ke samunsa, nakiya ma har ta shekara. Ta ce duk abin da anka sa ma sukari da yawa haka ai ba shi lalacewa, wannan kowace mace ta sani. Matar ta ce to wannan ba ya cikinsu, shi cikin sanyi anka haife shi, cikin sanyi yake zama. Sunka yi ta ja. Yaya ta ce za ta jiƙa tsumma ta naɗe shi kamar yadda ake yi ma tulu. Matar ta buɗe samirar ta nuna mata, tun yanzu gefen ya fara zubewa. Yaya ta tsura masa ido. Tabarmin rani guda ne kwance cikin samirar nan yana narkewa, kuma ba a mayar da abin da ya riga ya shiga kwanon mutum.

Allah ya yi ma matar nan albarka inda duk take. Ta shiga ciki ta fito da ƙunshin wasu ƙanana masu zanen ƙwanso, busassu, ta ce na jiya ne, a kai ma tsohuwa ta riƙa jiƙawa cikin kunu, suna iya sati. Sannan ta nuna wani ɗan tebur mai kujera biyu gefen taga. "Wannan kuwa ku zauna ku cinye shi yanzu. Ko gidan da kunka sauka ba shi kaiwa."

Ta aje samirar tsakiyar tebur, ta kawo cokali biyu. Kwano ɗaya ke nan, ni da Yaya. Na zauna ina jira in ga yadda za ta yi. Ta tsaya tsaye, ta dubi ƙofa, ta dubi titi ta taga, ba kowa da ya san mu duk faɗin garin. Zubar da abinci a shekara irin wannan kuwa ko mahaukaci bai yi. Ta ja kujerar ta karkata ta gefe, ta zauna tana fuskantar bango, ta miƙo hannu ta ɗebi cokali guda.

Ba wanda ya shigo, sai matar ta jingina da teburinta tana kallonmu. Ta ji ina cewa Yaya ɗazu, don haka ta tambaya da Zabarmanci, "Ƙanwarki ce?"

Na san amsar da ake ba baƙo. Ɗiyar gidanmu ce, ko ɗiyar tsohuwa ce. Na sunkuyar da kai ina jiran ta.

"Ɗiyata ce," in ji Yaya, da Zabarmanci, idonta na bango. "Ta fari. Kwana biyu na yi bisa gwiwa kafin ta zo."

Cokalina ya tsaya cikin samira.

"Ita kaɗai ce mace da ta ci jarrabawa garinmu. Kai gare ta, da zuciya, irin tawa. Can gida anza muke ci. Dubi wuyanta. Kullum ina ganin tana raba nata da tsohuwa, ita tana ƙarewa, ni kuwa ba ni da bakin ce mata sannu. In ta zauna, gabana za ta lalace ina kallo. Mata na tambayata, na ce don a rage baki ne. To me zan ce musu? In ce don ba ni iya barci saboda ita?" Ta ƙara ɗiban cokali guda. "Tun da anka yaye ta ban sa hannu kwano ɗaya da ita ba sai yau. In kin gan ta ta wuce nan wata rana, ki duba mini ko ta yi ƙiba."

Matar ta ce, "In sha Allahu," ta juya tana goge gilas ɗin da ba shi da datti.

Ni kuwa na ci gaba da kai cokali baki, don ban san abin da zan yi ba in ba shi ba. Hawaye na zuba har cikin samira. Yaya ta ɗan waigo, ta ce da Hausa, ga iska kamar kullum, "Mi ya samu waccan?"

Na ce, "Sanyin ne ke kama mini haƙori."

Ta ce, "A ci a gama, rana na yi." Ta tura mini babban ɓangaren da bayan cokalinta, ta tashi ta je neman takalmanta.

Jibin na raka ta tasha. Ta hau kamiyo da ƙunshin Inna ɗaure a ƙugu, ba ta waigo ba, ni ma ban ɗaga hannu ba. Amma ranar da anka ba mu hutun farko, ni ce ta fara isa tashar nan, tun ba a fara lodi ba. Na iske Inna da sauran numfashi. Ta ce abin da anka kawo mata ba shi ne ba, an cuce ta, amma ta cinye shi tas, ko jika ɗaya ba ta sam ma ba. Ta rasu kafin ruwa ya komo.

Na yi karatu, na zama malamar lakwal, na koyar a Abala da Filinge har na aje alli. Na ci gato wurare da yawa, wasu sun fi na ranar nan kyau nesa ba kusa ba, amma ba su zauna mini ba. Kantin ma an daɗe da rushe shi. Yaya kuwa ta tsufa gidana. Ni na yi jinyarta, ni ke dama mata kunu, kuma har ta koma ga Allah waccan take ce mini. Ban taɓa gaya mata na ji ba. Na ce in ta san na ji, kunya za ta hana ta sakewa da ni har abada, gara in riƙe abina.

Bayan sadakar bakwai, da rana, muna zaune da autarmu muna tsince shinkafar da ta rage, na ba ta labarin nan duka, karo na farko da na faɗa ma wani. Na ce, "Baiwar Allah, ta tafi ba ta san ina jin Zabarmanci ba."

Auta ta aje faifai ta dube ni.

"Wa ya ce miki? Haba ke kuwa! Tun kina lakwal take jin ku ke da ɗiyar gardi bayan darni. In kun wuce sai ta ce mana, ku ji waccan, ta hi ni iyawa."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.